Mashawarcin tara kuɗi na ƙungiyar agaji da yadda ake zaɓensa

Mashawarcin tara kuɗi mutum ne ko kamfani da ƙungiyar da ba ta neman riba take ɗauka na ɗan lokaci, ta biya shi ya tsara mata hanyar samun gudummawa. Ba ma'aikacinta ba ne, kwangila ce tsakaninsu. Yakan duba yadda ƙungiyar ke neman kuɗi, ya rubuta takardun neman tallafi zuwa ga gidauniyoyi, ya horar da kwamitin amintattu, ko ya tsara babban kamfen irin na gina asibiti ko makaranta.

A Amurka sana'ar ta kafu. A 1905 Charles Sumner Ward da Lyman Pierce suka yi kamfen na tara kuɗin ginin YMCA, ƙungiyar matasa Kiristoci, a Washington, suka ƙayyade masa kwanaki kaɗan, suka kafa babban agogo da ke nuna wa jama'a inda kuɗin ya kai, salon ya karɓu sosai har kamfanoni suka taso a kansa. A 1935 kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu wadda yanzu ake kira Giving Institute, ƙungiyar masu sana'ar tara kuɗi wadda yanzu ake kira AFP ta fara a 1960, satifiket ɗin ƙwarewa na CFRE kuma ya zo a 1981.

Inda ƙungiyoyi suka fi yin kuskure shi ne zaton mashawarci zai zo da masu kuɗi a aljihunsa. Ba haka aikin yake ba. Shi dai ya nuna wa za a je wa, nawa za a roƙa, yaushe, da wane bayani, amma zuwan da roƙon na shugabannin ƙungiyar ne, domin mai bayarwa su ya sani kuma su ya yarda da su. Dokokin jihohi da dama a Amurka ma sun raba biyun, akwai mai ba da shawara wanda ba ya roƙo kuma kuɗin ba ya bi ta hannunsa, akwai kuma wanda ake biya ya yi roƙon da kansa, kowanne da irin rajistarsa.

Kafin a fara nema, sai ƙungiya ta san me ke damunta tukuna. Wadda ba ta da tsayayyen rikodin masu ba ta gudummawa, abin da take buƙata daban ne da wadda ke shirin kamfen na shekara uku. Daga nan a rubuta buƙatar a takarda, a aika wa mutum uku ko huɗu, a zauna da kowanne. A wurin zaman ana gane na kirki da yawan tambayoyinsa, zai so ganin kasafin kuɗi, zai tambayi mutum nawa a kwamitin amintattu suke bayarwa daga aljihunsu, wanda kuwa ya fara da alkawarin miliyoyi tun bai buɗe fayil ɗaya ba, to a yi hattara. A kira ƙungiyoyin da ya yi wa aiki masu girma kamar naku, a tambaye su ko yana cika lokaci da abin da ya yi sanda abubuwa suka cije. A kuma tambayi wa zai riƙe aikin kullum, don sau da yawa babban kamfani yakan turo ogansa wajen neman kwangila, bayan sa hannu sai a ga wani ƙaramin ma'aikaci.

Idan babban kamfen ne, mashawarci kan fara da binciken yiwuwa, wato ya zauna da manyan masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya a asirce, ya ji ra'ayinsu kan aikin da abin da za su iya bayarwa. Wani lokaci sakamakon shi ne ba ku shirya ba, ko ku rage adadin, kuma wanda zai iya faɗin wannan gaskiyar alhali tana iya hana shi kwangila ta gaba, wallahi ya cancanci kuɗinsa.

Biya kan zama na awa, ko na aiki guda, ko wani tsayayyen adadi duk wata. La'ada, wato kaso cikin abin da aka tara, ƙa'idar AFP ta hana mambobinta karɓa, dalili kuwa tana sa a matsa wa masu bayarwa lamba, a bi kuɗin yau a watsar da dangantakar da za ta ɗauki shekaru, ga shi mai bayarwa bai so ya ji wani ya yanki rabo daga sadakarsa. Ƙananan ƙungiyoyi kan ga la'ada kamar sauƙi ce tunda ba sa biya sai an samu, amma idan babu kuɗin cikakken aiki gara a sayi ƙarami, kamar horo na kwana biyu ko rubuta tsarin shekara.

Yarjejeniya dole a rubuce. A Ingila da Wales dokar ƙungiyoyin agaji ta 1992 ta wajabta hakan ga wanda ake biya ya roƙa a madadin ƙungiya. A sa aikin da za a yi dalla-dalla, ranakun miƙawa, kuɗin tafiye-tafiye, yadda kowane ɓangare zai iya janyewa, sannan a rubuta ƙarara cewa gudummawa asusun ƙungiya za ta shiga kai tsaye, sunaye da bayanan masu bayarwa kuma mallakar ƙungiya ne ko bayan kwangila ta ƙare.