Sarabandi

Sarabandi kiɗan rawa ne na Turai mai tafiya a hankali, ana ƙirga shi bugu uku-uku, nauyinsa kuma yakan sauka kan bugu na biyu. A zamanin Barok, wajen 1600 zuwa 1750, ya zama ɗaya daga cikin jerin raye-rayen da ake rubuta wa hafsikod, abin kiɗa mai madannai da ya riga fiyano.

Tarihi

Ana jin ambatonsa na farko a rubuce yana cikin wata waƙa da aka yi a Panama wajen 1539. Masana sun saɓa kan ko asalinsa Sifen ne ko ƙasashen Amurka da ta mallaka. A lokacin rawa ce mai zafi, da jita da waƙa, har aka haramta ta a Sifen a 1583, zamanin Sarki Philip na II, wai batsa ce. Haramcin bai hana ta bazuwa ba. Ta shiga Italiya da Faransa a ƙarni na 17, kuma a fadar Faransa ne ta huce, ta koma rawar manya mai cike da kamala. A jerin da ya kafu a Jamus, ita ce ta uku, bayan raye-rayen alemand da kurant, kafin rawar jig. Johann Sebastian Bach, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya sa ta a kowace ɗaya daga cikin partita shida, wato jerin kiɗan raye-raye, da ya wallafa tare a 1731.

Yadda ake kaɗawa

Hafsikod tsinkar tsirkiya yake yi, don haka danna madanni da ƙarfi ba ya ƙara amo. Makaɗi sai ya nemi wata dabara ta fito da bugu na biyu: ya ɗan jinkirta shi, ko ya baza yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ko ya ɗora masa ado mai karkarwa. Kiɗan kashi biyu ne, kowanne ana maimaita shi, kuma a maimaicin ne ake ƙara ado. Bach da kansa ya rubuta irin wannan adon a na 2 da na 3 cikin jerin kiɗansa da ake kira na Ingila, abin da ya zame wa makaɗa babban madubi. Idan aka cika jan kiɗan, takun rawar ya ɓace, wannan kuwa asara ce.

A yau an fi jin sa a fiyano. Ana jayayya kan amfani da fedar fiyano, wadda ake takawa da ƙafa don amo ya daɗe.