"Yawon Buɗe Ido": Wai Idon Wa Ake Buɗewa?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo a gama labaran rana ba a ambaci "yawon buɗe ido" ba. An jera fitilu a shataletale, wai don bunƙasa yawon buɗe ido. Wani mai muƙami ya kwashi iyali sun tafi Dubai sayayya, wai yawon buɗe ido suka je. Makon jiya ma a majalisarmu ta gindin dalbejiya, nan ƙauyenmu na ƙasar Birnin Kudu, wani yaro da ya je biki Dutse ya ɗauko hotuna a waya ya ce shi ma ya yi nasa.

Yawo dai kowa ya san shi. Rabin kalmar na biyu ne ake tuntuɓe da shi, domin buɗewar ido a Hausa fuska biyu gare ta. In aka ce ɗan ci-rani ya dawo daga Ikko idonsa ya buɗe, ana nufin ya ga duniya, ba a cutarsa a ciniki. In kuwa aka ce yarinya idonta a buɗe yake, to ba yabo ba ne. Shi ya sa ranar da na gaya wa Baffana, tsohon mai haƙar rijiya, cewa za mu Yankari yawon buɗe ido, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, a zamaninmu yawon banza ake ce masa." Ni dai a wurina ma'anar farko ce ta kalmar: ka je, ka gani, ka dawo da abin da ba ka tafi da shi a ka ba. Kuma ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin gandun dajin Yankari, shi ne ya sa na tsaya a kan haka.

Daga Birnin Kudu ka bi ta Ningi zuwa Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karkata zuwa Mainamaji, ƙofar shiga Yankari. Daga ƙofar akwai sauran wajen kilomita 40 na daji kafin masauki, sannan ka gangara matakala da ƙafa, kana riƙe da ledarka gam saboda gwaggon biri ba ya jin kunyar baƙo. A ƙasa ruwan yake, yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse, garai-garai har kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk wanda ya dawo sai ka ji yana cewa ya yi wanka a "ruwan zafi". Na taɓa jin mai gabatar da shiri yana rantsuwa wai ƙwai zai dahu a ciki. Ruwan Wikki digiri 31 ne a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, rani da damina. Jikin mutum 37 ne. Ruwan shayi sai ya kai 100 yake tafasa. Ke nan ruwan bai ko kai ɗumin jikinka ba. Da sassafe lokacin hunturu za ka ji shi kamar an surka maka, amma da azahar a watan Afrilu, rana na dukan 40, sanyi za ka ji. Ruwan bai canza ba, iskar da ke kansa ce ta canza. Hausa na da kalmar da ta dace, ɗumi, ban san me ya sa ake ƙyamarta ba. Mai son zafi na gaske ya nufi Lamurde a Adamawa, inda sunan maɓuɓɓugar ma Ruwan Zafi.

Daga ina ɗumin yake? Ba rana ba ce, tunda da tsakar dare ma haka yake, kuma ba dole sai da dutse mai aman wuta a kusa ba. Cikin ƙasa ne ke ƙara zafi gwargwadon nitsawarka, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda. Ruwan sama ya tsuma ta cikin dutsen yashi, ya yi nisa ƙasa, ya ɗauki ɗumin wurin, sannan ya samu tsaga ya hauro kafin ya huce. Haka abin yake a Ikogosi ta jihar Ekiti, inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa wuri guda. Batun cewa yana maganin kowace cuta kuwa, gajiya dai na shaida yana sauke ta. Sauran a tambayi likita.

Mun kai mu goma sha takwas a motar nan. Da muka dawo kowa na da hoto cikin ruwa, amma a hanya na tambayi wanda ya san dalilin ɗumin, sai aka yi tsit, wani ya ce aljanu. Wannan shi ne yawon da ido bai buɗe ba, ko da an biya kuɗin ƙofa.

Da na kwashe bayanin nan na kai wa Baffa, ina jin na zo da sabon ilimi, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce, "Sai da ka je Bauchi ka sani? Ja guga da asuba cikin hunturu ka taɓa, sannan ka taɓa na randa." Ya ce shekara talatin yana shiga rami, a sama ana rawar ɗari shi yana gumi a ƙasa. Can ya ajiye igiyar ya ce, "Ita kilomitar taku, gaba nawa ce?" Na lissafa masa, ta haura gaba ɗari biyar. Ya yi shiru, sannan ya ce mafi zurfin da ya taɓa haƙawa gaba ashirin da biyu ce, ita ma sai da fitila ta mutu masa sau biyu.