Tsofaffin Taswirorin Tudu da Kwari a Binciken Salsala

Taswirar tudu da kwari ita ce wadda ke nuna fasalin ƙasa, wato tsauni, gangare, fadama da rafi, haɗe da abin da ɗan Adam ya gina a kai. Masu bin salsalar dangi kan nemi tsofaffinta idan takardar haihuwa ko ta ƙidaya ta ambaci ƙauyen da ya zama kufai.

A Amurka, hukumar binciken ƙasa ta USGS da aka kafa a 1879 ta shiga aikin zana irin wannan taswira gadan-gadan a 1884, zamanin shugabancin John Wesley Powell. Ita kuwa Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, asalinta tun 1791 ne. A taswirar USGS, layuka masu ruwan ƙasa tsayin wuri suke nunawa. Inda suka cunkushe, gangaren na da tsanani. Shuɗi ruwa ne. Ɗan baƙin murabba'i gida ne, mai gicciye a ka coci, mai tuta makaranta. Akan kuma sa maƙabarta, mashigi da wurin fito.

Amfaninta ya fi fitowa a garuruwan bakin kogi, domin kogi ba ya zama wuri guda. A 1881 ambaliya ta karkatar da kogin Misisipi, ya bi ta kwarin kogin Kaskaskia, sannu a hankali ya cinye tsohon garin Kaskaskia. Abin da ya rage ya koma yammacin ruwan, amma har yau a jihar Ilinoi yake. Wani wurin kuma madatsar ruwa ce ta yi ɓarnar: an rushe garuruwa huɗu a jihar Masacusets a 1938 saboda tafkin Quabbin, garin Butler na jihar Tenesi ya nutse a 1948. Wanda kakanninsa suka fito daga irin waɗannan wurare, a tsohuwar taswira zai ga hanyar da ta bi ta ƙofar gidansu. Ita ce ma kan warware abin da ke ɗaure wa mai bincike kai, kamar dangin da duk aurensu a gundumar tsallake aka rubuta shi: sai a duba a ga wurin fito ya fi kusa da su a kan hedikwatar gundumarsu.

Sai dai taswirar ba ta faɗin mai gida. Wannan sai an haɗa da takardun filaye da na ƙidaya. Shekarar bugu ma takan yaudari mai gaggawa, don sau da yawa an yi awon ƙasar da daɗewa kafin a buga. Shekarar awon tana can ƙasa a gefen takarda, da ƙananan baƙaƙe.