Rainon dashen lemu da inabi: daga zaɓen gindi zuwa ɗaurin ido

Wanda ya shuka ƙwayar lemun zaƙi ya bar ta ta girma da kanta zai iya shekara bakwai ko fiye bai tsinki ɗa ko guda ba, itacen kuma ya miƙe sama, ya cika da ƙaya. Lemu mai aure kuwa a shekara ta uku ko ta huɗu yake fara bayarwa, kuma 'ya'yansa sak na uwar da aka ciro ido, wato ɗan ƙullin jikin reshe da toho ke fitowa daga gare shi, daga jikinta. Itace biyu ne a jiki ɗaya: gindi, wanda saiwarsa ke fama da ƙasa da fari da gishiri da cuta, sai kai, wanda daga gare shi 'ya'ya ke fitowa. Abin da ke da nauyi a wannan sana'a shi ne, kuskuren da aka yi a gandun raino ba ya nuna kansa a cikin leda. Sai mai gona ya haƙa rami, ya shekara huɗu yana ban ruwa, sannan itacen ya fara rawaya yana ƙeƙashewa, a lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Da gindi ake farawa, kuma ƙasar da za a kai dashen ce ke zaɓarsa daga cikin ire-iren lemun da ake yin gindi da su. Lemun tsami mai kaushin ɓawo da Volkameriana suna saurin girma, suna jure fari, suna son ƙasa mai yashi, suna zuba 'ya'ya da yawa, sai dai zaƙin 'ya'yan ba ya kai na wasu, kuma na farkon ba ya jure ruɓewar gindi a ƙasa mai riƙe ruwa. Rangpur ma gwani ne wajen jure fari. Cleopatra na jure gishiri amma yana da nawa a gandun raino, sai an yi haƙuri da shi. Carrizo da Troyer da Swingle sun fi juriya ga ruɓewar saiwa, suna ba da 'ya'ya masu kyau, amma ba sa shiri da ƙasa mai farar ƙasa da yawa, ganye ya yi ta ɗashewa. Lemu mai ɗaci kuwa, duk da kyawunsa, a guje shi a duk inda cutar tiristeza take. A shekarun 1930 da 1940 wannan cuta, wadda darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin itatuwan lemun zaƙi da aka aura a kan lemu mai ɗaci a Ajantina da Barazil.

Daga ƙwaya ake tayar da gindi, ƙwayar lemu kuwa ba ta son bushewa. A ciro ta daga nunannun 'ya'yan da aka tsinka a kan itace, ban da waɗanda suka faɗi ƙasa, a wanke santsin tas, a zubar da wadda ta taso saman ruwa da wadda ta motse. A tsoma ta minti 10 a ruwa mai zafin digiri 52 na ma'aunin Salsiyas don kashe cutar da ke maƙale a jikinta, da ma'aunin zafi a hannu, domin in ya zarce, ƙwayar ce za ta mutu. A shanya ta a inuwa har bayanta ya sha iska kawai, a shuka a zurfin santimita 1 zuwa 2. In da ɗumi, cikin mako biyu zuwa huɗu za ta fito. Kada a yi mamakin ganin tsiro biyu ko uku daga ƙwaya guda. Yawancinsu kwafin uwa ne, kuma su ake so. Wanda ganyensa ya fita daban, ko ya tsumbure, ko ya fi sauran zaƙewa, a cire shi.

Ranar da za a mayar da tsiron cikin leda, sa'ad da ya yi ganye huɗu zuwa shida, ita ce ranar duba saiwa, kuma a nan masu raino da yawa ke jin tausayin da bai kamata ba. Duk tsiron da uwar saiwarsa ta lanƙwashe ko ta murɗe a wuya, a jefar da shi, don ba za ta miƙe ba har abada. Wajen dasawa kuma a huda rami mai zurfi, a zura saiwar, a ɗan jawo tsiron sama kafin a danne ƙasa, don kada bakinta ya naɗe ya kalli sama. Ledar ta zama doguwa, faɗin santimita 12 zuwa 15, zurfin 30 zuwa 35, mai huji a ƙasa da gefe. Haɗin ƙasa: kashi biyu na ƙasar sama, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na takin da ya gama ruɓewa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. In ana zargin ƙasar da cuta, a jiƙa ta, a lulluɓe da farar leda a rana mako huɗu zuwa shida. A jera ledojin a kan shimfiɗa ko dakali, kada saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kada kuma ruwan da ya kwanta ya yi ta yawo daga wannan zuwa wancan. Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe tsiro: shi ke sa wuyansa ya yi baƙi ya kife.

A bar gindi ya tashi da kara ɗaya, ana karye rassan gefe. Idan ya kai kaurin fensir a tsayin santimita 15 zuwa 20 daga ƙasa, ya isa aure. Kada a yi ƙasa da haka. Idon da aka ɗaura dab da ƙasa, ruwan sama zai riƙa fantsama masa laka, kan lemun zaƙi kuwa ba ya jure ƙwayar cutar da ke sa gindi zubar da ƙaro yana ruɓewa.

Sai maganar ido, wadda ta fi kowace muhimmanci. Tiristeza da cutar HLB, mai sa ganye dabbare-dabbaren rawaya da 'ya'ya karkatattu masu ɗaci, duk suna bin ido su shiga sabon dashe, kuma itace zai iya ɗauke da su yana kore shar. Babu magani in sun shiga. Saboda haka a nemi ido daga uwar da aka gwada aka tabbatar da lafiyarta, wadda aka san irinta, aka ga 'ya'yanta. Reshen da ake so shi ne wanda ya fara ƙwari, ya zama kewayayye, ba sabon toho mai kusurwa-kusurwa ba, ba kuma tsohon da ɓawonsa ya yi toka ba. Ana yanko shi a yanke ganyen nan take, a bar guntun hannun ganye a kan kowane ido, a naɗe cikin tsumma mai laima a sa a leda, a ajiye a inuwa. An fi so a yi aiki da shi a ranar. Wuƙa ma tana ɗaukar cuta: akwai wadda ke sa ɓawon gindin Rangpur da Carrizo ya tsattsage yana ɓamɓarewa, kuma a bakin wuƙa da almakashi take tafiya. Sifirit ba ya kashe ta. A tsoma kayan aiki a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, a goge su bushe kafin a taɓa wani itace, da yamma kuma a shafa musu mai saboda tsatsa.

Kwana uku ko huɗu kafin aiki a ba gindi ruwa sosai, don ɓawo ya saki. Tsakanin ɓawo da itace akwai wata siririyar fata mai santsi da danshi. Ita ce ke girma, kuma sai ta gindi ta manne da ta ido aure yake kamawa. A share ganye da ƙaya daga wurin. A ja tsaga a tsaye mai tsawon santimita 3, zurfin ɓawo kawai, sannan a gitta wata a ƙarshenta na ƙasa, ya zama harafin T a kife. Kifewar tana hana ruwa taruwa a cikin raunin. A ɗaga leɓɓan ɓawon da bayan wuƙa. In sun buɗe salin-alin, cikin yana sheƙi, lokaci ya yi. In suna yagewa, a dakata a ƙara ruwa. Daga nan a fere ido daga reshe da jan wuƙa ɗaya, tsawon kamar santimita 2 da rabi, da ɗan siririn itace a bayansa. Yankan da aka yi da ja biyu ko uku yana da tudu da kwari, ba zai kwanta daidai ba. A riƙe shi ta hannun ganye, yatsa kada ya taɓa fuskar yankan, a tura shi sama ƙarƙashin ɓawo, idon yana kallon sama kamar yadda yake a jikin uwarsa. A naɗe da tsirin leda mai faɗin santimita 1 da rabi, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau kan na baya, da ƙarfi amma ba shaƙewa ba. Daga feran ido zuwa ɗauri kada a wuce minti ɗaya, kuma a yi aikin da sassafe ko da la'asar, ba cikin ruwan sama ba.

In ɓawo ya ƙi saki sam, a fere ɗan gurbi a jikin gindi, a fero ido mai girmansa, a zaunar da shi a ciki. Idan idon bai cika gurbin ba, a matsar da shi gefe ɗaya, ɓawo ya haɗu da ɓawo ko da ta wannan ɓangaren ne kaɗai.

Bayan kwana 14 zuwa 21 a kwance ɗaurin. Idon da ya kama yana nan kore, hannun ganyen kuma da an taɓa shi zai faɗi. Wanda ya yi ruwan ƙasa ya mutu, a sake ɗaura wani a ɗaya gefen. Amma idon da ya kama ba zai toho ba muddin kan gindin yana sama yana jan abinci. A yanka karan rabi ko fiye kaɗan, santimita 3 zuwa 5 sama da idon, ta gefen da yake, a karya shi ya kwanta baya. Ganyen da ya rage zai ci gaba da ciyar da saiwa. Idan sabon tohon ya kai santimita 30, a datse ragowar a karkace dab da mahaɗa, a kafa sanda a ɗaure tohon don iska. Duk tsiron da ya fito ƙasa da mahaɗa na gindi ne, a karye shi yana ɗanye. In aka yi sakaci zai rinjayi kan, mai gona ya wayi gari da lemun tsami a inda ya biya kuɗin lemun zaƙi. A tsayin santimita 60 zuwa 70 a datse kai, a zaɓi rassa uku ko huɗu masu kallon kusurwa daban-daban. A sa ido kan tsutsar da ke zana farin layi cikin sabon ganye tana naɗe shi, don dashe ƙarami ba shi da ganyen asara.

Inabi ya fi sauƙin yaɗuwa, tunda reshensa na yin saiwa. A yanko daga reshen da ya nuna ya yi ruwan ƙasa, mai kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30, da ido uku ko huɗu. Ƙasan a yanke shi miƙe dab da gaɓa, saman a karkace nesa kaɗan da ido, don a gane kai da gindi, domin reshen da aka dasa a juye ba ya yin komai. A binne kashi biyu cikin uku.

Sauƙin nan ne ke sa wasu ganin auren inabi ɓata lokaci ne, alhali ƙasa ce ke yanke hukunci. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, ya shigo Faransa daga Amurka ya ragargaza gonakin inabin Turai, kuma abin da ya cece su shi ne aura irin Turai a kan gindin inabin Amurka. Inda fari ne matsala, ana amfani da gindin 110 Richter ko 1103 Paulsen ko 140 Ruggeri. Inda ƙasa ke da yashi, filoksera ba ta cika ƙarfi ba, amma ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli sun fi yawa, sai a nemi Ramsey ko Freedom ko Dogridge, wanda manoman Indiya suka riƙe saboda jure fari da gishiri.

Manyan gandaye a kan tebur suke aurensa. Gindi reshe ne mai tsawon santimita 30 zuwa 40 da aka ƙwaƙule wa idanu duka don kada ya yi toho, kai kuma guntu ne mai ido ɗaya, kaurinsu guda. Kafin haɗawa akan tsoma rassan da ke barci, wato waɗanda ba su fara toho ba, minti 30 a ruwa mai zafin digiri 50. A fere kowanne a karkace, a tsaga masa harshe, a saƙala su, a tsoma mahaɗar cikin narkakken kaki, a jera a akwati cikin dusar katako mai laima, a zafin digiri 26 zuwa 28. Cikin mako biyu zuwa uku farin nama zai kewaye mahaɗar. In dusar ta jiƙe sharkaf, fumfuna ce za ta ci su; in zafin ya yi yawa, naman ya kumbura ya yi taushi, ya karye wajen dasawa.

Mai ƙaramin aiki zai iya dasa gindin a gona, ya aura a can. Idan karan ya kai kaurin fensir a datse shi a tsayin santimita 30 zuwa 45, a tsaga tsakiyarsa santimita 4, a fere ƙasan reshe mai ido biyu ta gefe biyu ya yi tsini, a cusa, ɓawo ya dace da ɓawo, a ɗaure. Inabi na zubar da ruwa sosai in an yanke shi, ruwan kuma yana hana mahaɗa kamawa, don haka a tsayar da ban ruwa kwanaki kaɗan kafin aiki, saɓanin lemu. Toho kan bayyana cikin mako biyu zuwa uku.

Kafin dashe ya bar gandu a rage masa inuwa da ruwa a hankali na mako biyu, a rataya wa kowanne sunan kai da na gindi. Mai saye ya nemi a tsaga masa leda ɗaya ya ga saiwa: fara ce mai yawan gashi, ko ta naɗe tana zagaye ƙasan ledar? Ya danna mahaɗar inabi da babban yatsa, wadda ba ta kama ko'ina ba za ta buɗe. A gona kuma a dasa shi daidai zurfin da yake a leda, mahaɗa sama da ƙasa da aƙalla santimita 10. In aka binne ta, kan lemu zai ruɓe, kan inabi kuwa zai fitar da saiwar kansa, ƙwaron da aka gudu ya same ta.