Samuel Ajayi Crowther

Samuel Ajayi Crowther Bayarabe ne, masanin harsuna, mai fassara, kuma baƙar fata na farko da aka naɗa bishof a cocin Anglikan. An haife shi wajen 1809, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba, 1891. Shekara 50 ya yi yana hawa da sauka a Kogin Kwara saboda aikin bishara. Kiristocin Najeriya suna tunawa da shi a kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, da kuma yadda ya riƙe bangaskiyarsa cikin wahalhalu iri-iri. Mafi ɗaci a cikinsu ya same shi ne bayan ya haura shekara 80, kuma daga cikin gida ya fito.

Bauta da 'yanci

Garinsu Osogun ne, a cikin Jihar Oyo ta yau. A 1821, lokacin da daular Oyo take wargajewa da yaƙe-yaƙe, mahara suka faɗa wa garin da safe, suka sa masa wuta. A labarin da ya rubuta da hannunsa daga baya, ya ce akwai Yarbawa Musulmi da Fulani a cikinsu. Aka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa, aka raba su. Ya bi ta hannun iyayengiji da dama. Akwai lokacin da aka yi musanyarsa da doki, dokin bai gamsar da wanda ya karɓa ba, aka mayar da ciniki. Shi da kansa ya faɗi cewa tsoron a sayar da shi ga Turawa ya kai shi har ya gwada shaƙe wuyansa da ɗamararsa.

Abin da yake gudu ya same shi a Ikko, wato Legas, inda 'yan Fotugal suka saye shi suka zuba a jirgi. A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar masu fataucin bayi suka tare jirgin. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye da tulin harsasan igwa a jirgin Ingilishi, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Aka sauke su a Freetown ta Saliyo, ya shiga makarantar ƙungiyar mishan ta Anglikan da ake kira CMS, cikin watanni kaɗan ya iya karanta Sabon Alkawari. An yi masa baftisma ran 11 ga Disamba, 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan. Shi ne ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay a 1827. Ya auri Asano, wadda aka fi sani da Susan, ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare shekara 50 da ɗoriya.

Kwara da ƙasar Yarbawa

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jirage uku su bi Kwara, da nufin a kashe cinikin bayi ta hanyar noma da halataccen ciniki. CMS ta haɗa Crowther da wani Bajamushe, James Frederick Schön, aka ce su koyi Hausa domin tafiyar. Zazzaɓi ya kashe Turawa aƙalla 40, tafiyar ta watse. Abu biyu suka fito daga cikinta: Schön ya duƙufa a kan Hausa har ya wallafa nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876, CMS kuma ta gane cewa aikin bakin kogi sai 'yan ƙasa. Aka kira Crowther Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843.

Ya shiga Abeokuta a 1846 tare da Henry Townsend. Bai daɗe ba labari ya zo masa cewa mahaifiyarsa, Afala, tana raye a wani gari kusa. Shekara 25 ke nan rabonsu da juna. Da suka haɗu magana ta gagara, sai kallo da hawaye, tana kiransa da sunayen da kakarsa ke kiransa da su yana ƙarami. An yi mata baftisma a 1848, aka sa mata suna Hannatu, sunan mahaifiyar Annabi Sama'ila (wato Samuel) na Littafi Mai Tsarki, wanda ɗanta ya ci sunansa.

Ya sake bin kogi da Dakta William Baikie a 1854, suka hau Binuwai, ba wanda ya mutu a wannan karon saboda shan kwinin. A 1857 ya kafa mishan a Onica tare da J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanta. A shekarar ne jirginsu ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Zaman jiran wani jirgin ya ɗauki kusan shekara guda, shi kuwa ya mayar da shi makarantar koyon Nufanci, wanda daga baya ya rubuta wa nahawu da jerin kalmomi.

A Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa na Legas. Tufafi da kayan ɗaki ba su dame shi ba kamar takardu: fassarar da yake kan yi ta littattafan Musa, da kalmomi da karin maganar Yarbanci da ya yi shekara 11 yana tsinta daga bakin dattawa. Ya sake ɗaukar alƙalami daga farko. An kammala Littafi Mai Tsarki na Yarbanci a tsakiyar shekarun 1880, da hannun mutane da yawa, amma tsarin rubutun da zaɓen kalmomin nasa ne mafi yawa.

Bishof

Sakataren CMS, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikkilisiyar kowace ƙasa ta mulki kanta, ta ɗauki nauyin kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Shi ya matsa har aka naɗa Crowther bishof a babbar majami'ar Canterbury ran 29 ga Yuni, 1864, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Kyaftin Leeke, wanda jirginsa ya cece shi shekara 42 da suka wuce, yana cikin taron. Townsend da wasu 'yan mishan Turawa sun nuna ba za su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba, don haka aka ba shi ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniyar Ingila, aka cire Legas da Abeokuta, wato inda harshensa yake. Bayarabe ya zama bishof na Ibo da Ijo da Igala da Nufawa, da kuɗi kaɗan, ba shi da jirgin kansa, sai ya roƙi wuri a jiragen 'yan kasuwa.

Duk da haka tashoshi suka tsaya a Lakwaja da Bonny da Brass. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a bakin kogi, ya nemi fansar fam 1,000. Mataimakin jakadan Ingila, Fell, ya zo ya fitar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi a wajen gudu, ya mutu. A Bonny kuwa sababbin masu bi, yawancinsu bayi, sun sha ɗauri da yunwa saboda sun ƙi cin naman hadayar gumaka. A 1875 aka jefa ɗaya daga cikinsu, Joshua Hart, a ruwa aka kashe shi.

Zamansa da Musulmi

Mutumin da Musulmi ke cikin waɗanda suka ƙone garinsu, ana iya zaton zai riƙe abin a zuci. Tarihinsa bai nuna haka ba. Yana saurayin malami a Saliyo ya taɓa yanke laya daga wuyan wani ɗalibinsa. Uban yaron ya zo a fusace, aka shirya zama da dattawan Musulmi, Crowther ya taho da littattafansa da hujjojinsa, aka tashi ba wanda ya gusa ko taki ɗaya. Daga nan ya bar musu. Ya koma ga amsa tambaya da nassin Littafi Mai Tsarki kawai, cikin harshen mai tambaya, ba zagi ba gori.

An ga wannan a fadar Sarkin Ilori a 1872. Aka tambaye shi a gaban jama'a ko Nasara suna cewa Isa Ɗan Allah ne. Sai ya buɗe Luka sura ta 1 a Yarbanci, inda Mala'ika Jibrilu ya yi wa Maryamu albishir, ya karanta, ya bar fada ta auna da kanta. Da aka nemi jin irin addu'ar da suke yi, ya karanta addu'ar da ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan wannan sarkin ake sawa. Fada ta yaba. Ba wanda ya sauya addini a ranar, shi ma bai rage komai daga abin da ya gaskata ba, aka rabu da mutunci.

Ya sha zuwa Bida wajen Etsu Masaba, Sarkin Nufe. Daga baya Etsu Maliki ya aika masa wasiƙa da Hausa ta hannun wani fasto, yana kiransa uba, yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da giya ƙasar Nufe. Sau uku a jere sarkin ya ambaci kalmar barasa, ya ce ta lalata masa ƙasa. Sarki Musulmi ya rasa wanda zai amince wa da wannan saƙo sai bishof.

Tsufa

Venn ya rasu a 1873, kuma da shi aka binne ra'ayinsa. Kamfanin George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886, ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe daga kogi, iskar zamanin kuma ta juya zuwa raina baƙar fata. Da aka samar wa mishan jirgin ruwa a 1878, Bature aka danƙa wa, tare da harkar kuɗi. A 1880 aka yi bincike a kan ma'aikatansa, aka aika rahoto Landan ba tare da an ba waɗanda ake zargi damar kare kansu yadda ya kamata ba. A wannan shekarar matarsa ta rasu, mahaifiyarsa ta bi ta a 1883.

Ba duka zargin ne ƙarya ba. Akwai ma'aikatan da suka fi mai da hankali ga ciniki, akwai mashaya, kuma a Onica wasu biyu sun yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, aka hukunta su a kotu. Crowther mutum ne mai sanyin hali, ya fi son jan kunne da ba da dama ta biyu fiye da kora, tashoshinsa kuma suna da nisan ɗaruruwan mil da juna. Wannan rauni ne na gaske a wajen shugaba. Amma maganin da aka kawo ya fi cutar muni.

A 1890 wasu samarin Turawa masu zafin addini suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda suka sauka a Lakwaja suna sa riga da rawani da burin shiga ƙasar Hausa. Ba su daɗe ba suka yanke hukunci cewa aikin shekara 30 da ɗoriya ruɓaɓɓe ne. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Onica a watan Agusta, sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya shiga dakatar da fastocin da bishof ya naɗa da hannunsa, abin da ba hurumin sakatare ba ne. Har Dandeson, babban dikin (babban limamin coci a ƙarƙashin bishof) na yankin bakin teku, aka dakatar a gaban mahaifinsa. Dattijon da ya girmi iyayen waɗannan samari ya sauka daga shugabancin kwamitin.

Abin da ya yi bayan haka shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kai. Legas da Saliyo sun harzuƙa, mutane da yawa suna jiran kalma ɗaya daga bakinsa su ɓalle su kafa cocin 'yan Afirka zalla. Bai furta ta ba. Wasiƙun da ya aika Landan ba su da zagi, ya kare mutanensa inda ya ga an zalunce su, ya kuma nuna a shirye yake ya ba da wuri idan an ga wani zai fi shi. Ya goyi bayan ikkilisiyoyin Bonny da maƙwabtansu su riƙe kansu da kuɗinsu, amma a cikin cocin Anglikan. Ya ci gaba da wa'azi da aikin fassara. Wasu masana tarihi suna ganin haƙurin ya yi yawa, har ya sauƙaƙa wa masu ture shi. Masu wannan magana suna da hujja, sai dai mutumin ya ɗauki CMS a matsayin hannun da Allah ya yi amfani da shi ya tsamo shi daga jirgin bayi, kuma bai yarda ɓacin ran shekara ɗaya ya shafe wannan ba.

A tsakiyar 1891 ya samu shanyewar ɓarin jiki a Bonny, aka kai shi Legas, inda ya cika a ranar ƙarshe ta shekarar.

Bayan rasuwarsa

Robinson ya riga shi rasuwa da 'yan watanni, Brooke ya bi shi a Lakwaja a Maris 1892, ba su kai ga Kano ba. Ƙanen Robinson, Charles Henry, shi ya isa Kano bayan 'yan shekaru, ya kuma rubuta ƙamus na Hausa. Ikkilisiyoyin bakin teku sun fara cin gashin kansu a Afrilu 1892 ƙarƙashin Dandeson. Kujerar bishof kuwa Bature aka ba, aka riƙa naɗa 'yan Afirka mataimaka kawai, sai da aka yi kimanin shekara 60 kafin wani ɗan Najeriya ya sake riƙe dayosis ta Anglikan, wato yankin da bishof ke shugabanta, da kansa.

Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, jagoran 'yan kishin ƙasa. An fara binne Crowther a maƙabartar Ajele, a 1976 aka mayar da ƙasusuwansa harabar babbar majami'ar Kristi da ke Marina a Legas. A Yuni 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishof na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya bayyana kunya da tuban cocin Ingila a kan abin da aka yi masa. Cocin Anglikan na tunawa da shi ran 31 ga Disamba.