Ƴancin addini a Nijar

Ƴancin addini shi ne haƙƙin da mutum ke da shi na ya bi addinin da ransa ya natsu da shi, ya yi ibadarsa shi ɗaya ko cikin jama'a, ya koya wa ɗiyansa, ba tare da hukuma ko maƙwabci sun tilasta shi ko sun hana shi ba. Masana doka suna haɗa shi da ƴancin tunani, ke nan ya shafi har wanda ya sauya addini da wanda bai bin ko ɗaya, to nan ne fa magana ke ɗaukar zafi wajenmu. A bakin mutane ba ka cika jin kalmar ba, abin da za ka ji shi ne "kowa da nashi", in kuwa malami ne ya jawo maka aya ta 256 cikin Suratul Baƙara, babu tilastawa cikin addini.

Abin da doka ta ce

Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 10 ga Disamba 1948 ta kawo shi a sashe na 18, yarjejeniyar Afirka ta 1981 kuma a sashe na 8. A gida, kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya raba gwamnati da addini, ya ce ƙasa na girmama kowane imani tana kare shi, ba wani addini da zai riƙe mulki, kuma ya hana kafa jam'iyyar siyasa da sunan addini ko ƙabila ko yanki. Abin lura shi ne an kauce wa kalmar nan ta Faransanci "layisite", tun lokacin rubuta kundin 1992 ƙungiyoyin Musulunci sunka ƙi ta don a kunnen jama'a kamar ana cewa ƙasa ba ta da Allah ne, sai anka nemo wata lafazi mai sanyi. Amma kundin 2010 ya ce shugaban ƙasa ya yi rantsuwa da littafin addininsa, rabuwar dai ba irin ta Faransa ba ce. Sojoji sun dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Su wa ke ƙasar

Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 Musulmi ne, Kirista da masu addinin gargajiya duk an haɗa ba su cika kashi 1 ba. Duk da haka Kirsimeti da Litinin ɗin Ista ranakun hutu ne a hukumance kamar sallar azumi da ta layya da Mauludi, kuma ban taɓa jin ma'aikacin da ya ƙi hutun ba.

Wanda ke son ya ga yadda abin ke tafiya a zahiri ya zo Yamai ranar layya, raguna a gicciye kan sanduna an jera su gefen wuta bakin titi tun hantsi har dare, hayaƙi ya rufe kartiye, kashegari yara na yawo da kwanoni gida gida ana rabon nama, kuma kwanon nan bai tsallake ƙofar tela ɗan Benin ko mushen lakkwal ɗan Togo da ke haya cikin gida don shi Kirista ne, a'a in ma an manta shi uwar gida ce za ta yi faɗa. A jihar Tawa akwai likitar Galmi da ƴan mishan na SIM sunka buɗe a 1950, yawancin marasa lafiyan da ke kwana can Musulmi ne, wasu har daga Najeriya, mai jinya ya shimfiɗa tabarma ya yi sallarsa a fili ba mai ce masa kanzil. Ga kuma wasan dangi, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, shi ba na addini ba ne amma ya koya wa mutane su sha zolaya ba su zaro wuƙa ba.

Azna su ne ba a cika lissafawa ba. A Massalata kusa da Ƙonni har yanzu ana arwa, dattawa su duba yadda shekara za ta kasance, damina da cuta da sauransu, kuma cikin masu zuwa kallo da yawa sun yi asubarsu kafin su fito. Haka Lugu garin Sarauniya da ta yi tsayayya da sojan Faransa a 1899. Ƴan bori kuwa, da rana a zage su cikin wa'azi da dare a aika musu.

Inda ake samun tsami

A ganina gwajin haƙuri mafi wuya tsakanin Musulmi ne su da kansu. Zamanin Seyni Kountché ƙungiya guda ce ke magana da sunan Musulunci, wadda anka kafa a 1974, bayan taron ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe ƙungiyoyi sunka yawaita. Izala da ta samo asali a Jos a 1978 ta shigo ta Maraɗi, ta soki Mauludi da ziyarar shehunnai irin wadda Tijjanawa ke yi a Kiota, su kuma ƴan ɗariƙa sunka mayar da martani, har ta kai wa da ƙane ba su bin liman guda, an yi gardamar ƙabalu da sadalu kamar a kanta za a shiga aljanna. Yanzu ta lafa ba kamar da ba, ta koma rediyo da WhatsApp.

An kuma yi tashin hankali na gaske. A Nuwamba 2000 an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi kan bikin nunin tufafi na FIMA. Mafi muni shi ne na 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram sannan Yamai, bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake fitar da zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), ga kuma haushin zuwan shugaba Issoufou Mahamadou gangamin da anka yi a Paris bayan harin da anka kai wa jaridar, mutum 10 sunka mutu, anka ƙona coci da dama da mashaya, alhali Kiristan Nijar ba su san ma wanda ya yi zanen ba. Akwai Musulmin da sunka ɓoye maƙwabtansu cikin ɗaka ranar nan. A Yuni 2019 majalisa ta amince da dokar tsara harkokin ibada, wadda ta ba hukuma ikon sa ido kan gina wuraren ibada da wa'azi, wasu malamai sunka ce takunkumi ne, a Maraɗi har anka ƙona wata coci bayan kama wani limami da ya soki dokar.

Sauya addini ba laifi ba ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar, jandarma bai zuwa kama ka. Gida ne ke hukunci, a daina cin abinci da kai, a karɓe matarka, baba ya ce kar ka zo jana'izarsa. Aure da saki da gado kuwa galibi bisa al'ada ake yanke su ko a gaban alƙali, al'adar nan kuma ta cuɗe da fiƙihun Malikiyya, an sha yunƙurin yin dokar iyali guda ta kowa da kowa, na baya baya a 2011, malamai sunka tashi tsaye gwamnati ta janye.