Waiwaye: Ɓerayen Oak Ridge da gardamar tururin nukiliya kaɗan-kaɗan

Tun da Japan ta fara sakin tataccen ruwan tashar nukiliyar Fukushima cikin teku a watan Agustan 2023, wata tsohuwar gardama ta sake tashi: shin ɗan tururin nukiliyar da jiki ke sha yau da gobe na tsawon shekaru yana taɓa ƙwayoyin gado har ya bi 'ya'ya da jikoki? Wasu sun ce ko ɗigonsa guba ne, wasu sun ce tsoro ne kawai. Mutanen Arlit a Nijar, inda aka shafe fiye da shekara hamsin ana haƙar yuraniyam, sun san wannan tambaya sarai. Gardamar kuwa ta girmi Fukushima, ta girmi ramukan Arlit, ta kusa cika shekara ɗari.

A 1927 Hermann Muller ya nuna cewa hasken eksire yana sauya ƙwayoyin gadon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, aikin da ya samo masa lambar Nobel a 1946, shekara guda bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki. A kan ƙudajen aka gina ƙa'ida mai sauƙi: lahani yana tafiya daidai da jimillar abin da aka sha, ko a minti ɗaya aka sha shi ko a shekara goma. Wato da yayyafi kogi kan cika. A shekarun 1950, ana ta gwajin bam a sarari ƙurarsa na sauka ko'ina, da wuya a ga laifin irin wannan taka-tsantsan.

Sai dai ƙuda ba ya shayarwa, kuma kwanakinsa kaɗan ne. A 1947 William Russell da matarsa Liane suka fara aiki a Oak Ridge da ke jihar Tennessee ta Amurka, suka cika wani katafaren gini da ɓeraye. Dabararsu ta ido ce. A haska namiji, a haɗa shi da macen wani iri na musamman mai ɗauke da alamu bakwai, irin su gashi ruwan ƙasa, ido mai ja-ja, jiki dabbare-dabbare da gajeren kunne. In ƙwayar uban lafiya lau take, 'ya'yan za su fito kamar kowane ɓera. In tururin ya lalata ɗaya daga wurare bakwai na ƙwayar gadon da ke da alhakin alamun nan, sai a tsinci ɗa guda mai gajeren kunne ko baƙon launi a cikin 'yan uwansa. Haka ma'aikata suka riƙa ɗaga jinjirayen ɓeraye ɗaya bayan ɗaya suna duba gashi da kunne, har lissafi ya kai miliyoyi.

A 1958 suka fitar da sakamakon da ya kamata a ce kowa na ambata, ga shi ba kasafai ake jin sa a muhawarar yau ba. Mazan da aka ba su tururin a hankali cikin makonni, sauyin da aka gani a 'ya'yansu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka ba adadi ɗaya cikin 'yan mintoci ba. A mata ragin ya fi haka, har ya kusa ɓacewa. Russell ya ce ba mamaki ƙwayar tana gyara kanta ne in ta samu sarari, a zamanin da ilimin gyaran ƙwayar gado bai ko fara rarrafe ba. Duk wanda ya zauna gidan laka ya san abin: mamakon ruwa na dare ɗaya kan kayar da katanga, amma in yayyafi ne, mai gida na samun damar yaɓe kafin wani ya sauko.

Akwai ɗaya rabin labarin. Da suka ci gaba da rage saurin tururin ga mazan, sauyin bai ƙara raguwa ba, ya tsaya cak a wajen kashi ɗaya cikin ukun nan, bai sauka zuwa sifili ba. A ganina nan gardamar yau ta samo tushe. Masu cewa ba komai sun riƙe rabin farko, masu cewa ko ɗigo guba ne sun riƙe na biyu, alhali duka biyun daga gini ɗaya suka fito.

Abin da ya biyo baya bai raba gardama ba. An duba jarirai fiye da 70,000 da aka haifa a Hiroshima da Nagasaki bayan yaƙi, ba a ga ƙarin naƙasar gado da lissafi zai tabbatar ba. Bayan hatsarin tashar nukiliyar Chernobyl ta Ukraine na 1986, wani bincike na 1996 ya ce ɓerayen dajin wurin suna sauyawa da saurin ban tsoro; shekara na zagayowa masu binciken da kansu suka janye shi, don sun gano kuskure a karatunsu. A 2021 an bi ƙwayoyin gadon yara 130 waɗanda iyayensu suka sha tururin hatsarin, ba a ga ƙarin sababbin sauye-sauye ba.

Wahalar ita ce kowa na shan kimanin milisibat (ma'aunin tururin da jiki ya sha) 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci, kuma kowane jariri na zuwa duniya da gomman sababbin sauye-sauye ko ba nukiliya. Gano ɗan ƙarin da ke cikin wannan sai da adadi irin na Oak Ridge, mutum kuwa ba a saka shi a keji. Shi ya sa har yau, in masana za su ƙiyasta haɗarin da zai bi zuriyar ɗan Adam, akasarin lissafin daga ɓeraye suke aro shi.